Allin Da Aka Miƙa Wa Kaka

"Kakana ne ɗalibi na farko a makarantar nan. Shi ya fara shiga ƙofar can, tun ba a sa mata ƙyaure ba."

Wani yaro ne ɗan aji biyar ya faɗi haka. Yana tsaye a kan benci, hannu a ƙugu. Abokansa suna kiransa Rediyo. Sunan ya dace da shi ƙwarai, sai dai shi wannan rediyon ba a yi masa wurin kashewa ba.

Ga abin da ya jawo maganar. Da safe Shugabar makaranta ta tara yara a fili. Ta ce makarantarsu ta kusa cika shekara saba'in, kuma za a yi babban biki.

"Da ɗaki ɗaya aka fara," in ji ta. "Benci biyu, allo ɗaya, malami ɗaya. Malamin a kan keke yake zuwa. In ana ruwa, sai yara su matsa lungu guda, don rufin yoyo yake yi. Yau ku dubi azuzuwanmu. Likitoci sun fita daga nan, da alƙalai, da matuƙa jirgi. Har mai gyaran famfon da ya ƙi zuwa tun makon jiya, shi ma ɗanmu ne."

Yara suka yi dariya.

"Allon farkon nan yana ofishina har yau," ta ci gaba. "Ranar biki za mu fito da shi. Muna neman mutum ɗaya daga cikin 'yan ajin farko, in akwai mai rai. Zai zo ya yi rubutu a kan allon a gaban jama'a. Jikansa ne zai riƙo hannunsa ya hau da shi kan dandamali."

Duk wannan jawabin, kalma biyu kawai ta shiga kunnen Rediyo: jika da dandamali. Nan take ya hango kansa a sama, ana ta tafi, ana ɗaukar hoto.

Shi ya sa da aka fita hutun ƙarfe tara ya haye benci.

Akwai wata yarinya da suke zama tare. Ba ta da yawan magana, har ana ce mata Shiru. Ta ɗan ɗaga hannu ta ce, "Ni ma kakata ta ce..."

"Bari in gama!" in ji Rediyo. "Kakana shi ya ɗauko bencin farko a ka. Duka biyun, lokaci guda. Kullum shi ke zuwa na ɗaya. In lissafi ya cije wa malami, sai ya juyo ya ce, 'Yaro, taimake ni.' Wata rana maciji ya shigo aji, kowa ya gudu har malamin. Kakana ya kashe shi da rula."

"Da rula?" wani yaro ya tambaya.

"Rular da ba irin ta yanzu ba ce. Ta kai tsawon ƙofa."

Shiru ta sauke hannunta. Ta buɗe littafinta ta ci gaba da karatu.

Ashe Malamin ajinsu yana bakin taga, yana fere fensir. Ya leƙo da kai.

"Kai, da gaske kake?"

A nan ne ya kamata Rediyo ya ce wasa yake yi. Da ya faɗi haka, da labarin nan ya ƙare tun bai fara ba. Amma ido ya yi masa yawa. Duk ajin shi suke kallo.

"Da gaske mana, Malam."

Malam ya kama hannunsa sai ofishin Shugaba. Ga tsohon allon nan jingine da bango. Ya koɗe, gefensa ɗaya ya guntule.

"Kakan naka yana da ƙarfi?" Shugaba ta tambaya. "Zai iya hawa matakala?"

"Har gudu yake yi, ranki ya daɗe."

"Madalla! Ka hutar da mu nema. Ka gaya masa shi zai yi rubutun."

Rediyo ya fito yana murmushi. Murmushin ya raka shi har bakin titi. Daga nan ya fara raguwa. Kafin ya isa gida babu ko ɓurɓushinsa.

Dalili kuwa shi ne, kakansa bai iya rubutu ba. Ko harafi ɗaya.

Kaka tela ne. Shagonsa yana jikin gidansu, ƙofarsa tana kallon titi. A ciki akwai tsohon keken ɗinki mai ƙafa, da tebur mai faɗi, da dutsen guga, da kwandon ƙyallaye. Tef ɗin awo ba ya barin wuyansa. Ya san lambobin da ke jikin tef ɗin kamar yunwar cikinsa. Amma in aka kawo masa takarda, sai ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "Kira mini abokina."

Abokin nasa kuwa Rediyo ne. Haka suke wasa tun yana ƙarami.

"Abokina, an dawo?" in ji Kaka, ƙafarsa tana kan keke. "Me aka koya muku yau?"

Kullum sai ya yi wannan tambayar. Kuma ba tambayar fatar baki ba ce. Tsayar da keken yake yi ya saurara. In an ce masa duniya zagaya rana take yi, sai ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah! Ga mu a kai kuma ko jiri ba ma ji."

Yau dai Rediyo ya ce, "Ba komai," ya shige gida da sauri.

Washegari ya yanke shawarar warware matsalar. Amma maimakon ya warware ta da gaskiya, sai ya nemo wata ƙaryar ya yi mata ƙanwa.

"Malam, Kaka ya yi tafiya. Tafiya mai nisa."

"Yaushe? Ai da safen nan na wuce ta gaban shagonsa, na gan shi yana shara."

"Eh... ya dawo. Amma hannunsa ciwo yake yi."

"Da hannun yake sharar."

Rediyo ya sosa ƙeya. "Kuma ba ya ji sosai, Malam. Ko an gaya masa ba zai gane ba."

"Af, to wannan mai sauƙi ne," in ji Malam. "Ni da kaina zan je in gayyace shi. Dama haka ya fi girmamawa."

Da yamma sai ga Malam a kan babur. Rediyo yana cikin shagon yana tsince zare a ƙasa. Da ya gan shi, ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma ƙasar siminti ce.

Malam ya sunkuya daidai kunnen Kaka, ya cika ƙirji da iska.

"BABA! INA WUNI!"

Kaka ya zabura, almakashi ya faɗi. "Subhanallahi! Malam, lafiya? Gobara ake yi?"

"LAFIYA LAU! DAGA MAKARANTA NAKE!"

"Ina jinka, ɗana. Mutanen wancan layin ma suna jinka. Yi a hankali."

Malam ya ɗan ji kunya, ya rage murya. "Baba, makarantarmu za ta cika shekara saba'in. Kai muka zaɓa babban baƙo. Jikanka ya ba mu labarin duk abin da ka yi a makarantar nan. Ba mu san muna da irinka kusa da mu ba."

Kaka ya gyara zama. Ya dubi Malam, ya dubi jikansa.

"Ni?"

"Kai fa, Baba. A kan dandamali za ka zauna, kusa da Shugaba."

Wayar Malam ta yi ƙara. Masu kawo rumfa ne. Ya fita yana amsawa, ya hau babur ya tafi. Maganar allo da rubutu bai ko tuna da ita ba.

Kaka ya shafa keken da hannu. Sannan ya ce a hankali, "Ashe ana gani."

"Me, Kaka?"

"Kayan makarantar nan. Tun ina saurayi nake ɗinka wa yaranta. Na ɗinka wa uwarka, na ɗinka maka. Shi kansa Malamin nan, ina jin ni na yi masa wandonsa na farko. Ban taɓa zaton wani ya lura ba." Ya goge ido da bakin hannun riga. "Kai ka gaya musu, abokina? Allah ya yi maka albarka."

Albarkar nan ta sauka a kan Rediyo kamar dutsen guga mai zafi.

A makaranta shiri ya kankama. Aka yi wa bango sabon fenti. Aka gyara tagogin da suka karye tun zamanin da ba wanda ya tuna. Mai gyaran famfo ma ya zo. Yara suna ta koyon fareti da waƙa. Shi kuwa Rediyo, kullum sai an sa shi ya gwada hawa dandamali, riƙe da hannun wani yaro da ke kwaikwayon tsoho.

"Ka saki fuska mana," in ji Malam. "Kai da za a yi wa tafi?"

Yara suka riƙa binsa. "Rediyo, ba mu labarin macijin nan." Amma rediyo ya lalace. Sai ya ce maƙogwaronsa ke ciwo.

Shiru ba ta ce masa komai ba. Ranar da ya manta fensir ma ita ta ba shi aro. Wannan ya fi zagi ciwo.

A gida ya daina cin abinci sosai. Mama ta lura. Wata rana tana wanke-wanke, ya zo ya tsaya yana murza gefen riga.

"Mama, in mutum ya ba da labari, ya ɗan ƙara masa gishiri, laifi ne?"

"Gishirin kamar yaya? Ɗan tsunkule, ko buhu?"

"Kamar... rabin buhu."

Mama ta ajiye soso ta dube shi. "Wa ka yi wa ƙarya?"

"Ba ni ba ne. Wani abokina ne."

"To ka gaya wa abokin naka ya je ya gyara tun tukunya tana kan wuta. In an riga an zuba wa baƙi, ba ta gyaruwa."

Rediyo ya ga gaskiyarta. Ya tattara duk ƙarfin halinsa, ya nufi shago. Yau dai sai ya faɗa.

Ya tarar da Kaka ya shimfiɗa wani yadi mai ruwan toka a kan tebur, yana zana shi da allin ɗinki. Yana ɗan rera waƙa ƙasa-ƙasa.

"Yawwa, abokina, zo in auna ka. Riga zan yi mana iri ɗaya, ni da kai. Rabon da in ɗinka wa kaina sabon kaya har na manta. Tela kenan, kowa ya sha ado shi yana cikin faci. Ɗaga hannu."

Rediyo ya ɗaga hannu. Tef ya zagaye ƙirjinsa.

"Kaka..."

"Na'am? Kai, zuciyar nan taka bugawa take kamar keken nan. Gudu ka yi?"

"Eh, gudu na yi."

"Ka san wani abu?" in ji Kaka, yana sa alama a yadin. "Ban taɓa zama a kan kujera a cikin makarantar nan ba. Iyakata bakin ƙofa, in miƙa ɗinki in juyo. Ga shi da tsufana za a ce, 'Baba, bismillah, hau sama.' Me za ka ce ne ɗazu?"

Rediyo ya dubi fuskar Kaka. Bai taɓa ganinta da haske haka ba.

"Cewa zan yi yadin yana da kyau."

To, rana ba ta ƙarya. Ranar biki ta zo.

Da sassafe Rediyo ya yi dabararsa ta ƙarshe. Ya ɗauke takalman Kaka ya tura su cikin kwandon ƙyallaye. Aka yi ta nema. Mama ta zo ta tsaya, ta dubi ɗakin, ta dubi ɗanta. Ta ga inda idonsa yake gudun kallo. Ta miƙe kai tsaye ta zaro takalman.

"Ikon Allah," in ji ta. "Takalma sun koyi tafiya su kaɗai."

Filin makaranta ya cika maƙil. Ga rumfuna, ga kujerun roba, ga lasifika tana ƙara tana shaƙewa. Tsofaffin ɗalibai sun zo daga nesa. Wasu da furfura, wasu da tumbi, suna rungumar juna suna kiran sunayen tsokana na da. Wani babban likita ya tsaya yana nuna wa 'ya'yansa lungun da aka taɓa sa shi horon kamun kunne.

Aka yi fareti. Aka yi waƙa. Aka yi jawabai masu tsawo, irin waɗanda mai yinsu kaɗai ke jin daɗinsu. Sannan yara biyu suka fito da tsohon allon, suka kafa shi a tsakiyar dandamali.

Shugaba ta karɓi abin magana.

"Jama'a, yau muna tare da wani babban mutum. Shi ne ɗalibin farko da ya shiga makarantar nan. Kullum shi ke zuwa na ɗaya a ajinsu. Jikansa zai kawo mana shi."

Fili ya ɗauki tafi. Rediyo ya kama hannun Kaka. Suna tafiya cikin rigunansu iri ɗaya. Ga tafin da ya yi ta mafarki, amma ji yake kamar a kumatunsa ake yinsa.

Kaka ya sunkuyo. "Abokina, me ta ce? Ɗalibin farko?"

Rediyo ya kau da kai. Suka hau matakala.

Shugaba ta ba Malam abin magana, ta rusuna ta miƙa wa Kaka sabon alli da hannu biyu. "Baba, ga allonku na da. Rubuta mana duk abin da kake so, 'yan baya su gani."

Kaka ya karɓi allin, don ba a mayar da hannun kyauta. Ya dubi allon. Ya dubi jama'a. Sannan ya dubi jikansa, ya daɗe yana dubansa. A wannan kallon ya gane komai.

Bai yi faɗa ba. Ya juya ya fuskanci allon, ya ɗaga hannu. Allin ya taɓa allo ya tsaya. Fili ya yi tsit. Wani jariri ya yi kuka aka lallashe shi. Daga baya wani ya ce, "Ko ya manta ne?" Wasu samari suka fara ƙyalƙyala dariya.

Gumi ya tsattsafo a goshin Kaka. Haka ya tsaya, bayansa ga jama'a, da sabuwar rigarsa. Ya zaɓi a yi masa dariya da ya tona asirin jikansa.

Sai aka ji ƙarar sanda a kan kujera, ƙwas, ƙwas.

"Ku dakata! Wannan ba ɗan ajinmu ba ne."

Wata tsohuwa ce a layi na uku. 'Yar ƙarama, da ƙaton tabarau. Shiru ce zaune kusa da ita, tana jan zanenta tana cewa, "Kaka, don Allah zauna."

"Sake ni, ke! Ni 'yar ajin farko ce. Na san duk wanda ya zauna a bencin nan biyu, har wanda yake fitsari a wando. Malam, juyo in ga fuskarka."

Kaka ya juyo a hankali. Tsohuwa ta matso tana dogara sanda, ta ƙura masa ido. Can sai ta buɗe baki.

"La'ilaha! Ɗan guntun nan! Kai ne wanda hannunsa bai kai kunne ba!"

Jama'a suka dubi juna. Tsohuwa ta karɓe abin magana daga hannun Malam, ba ta ko nemi izini ba.

"Ku yaran yanzu ba ku sani ba. A lokacin ba mu da takardar haihuwa. In an kawo yaro, sai malami ya ce ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen. In ya taɓo, ya isa shiga. In bai taɓo ba, sai baɗi. Wannan yana gabana a layi. Ya miƙa, ya miƙa, har da ɗage ƙafa, kamar ƙafar ce za ta taimaka. Saura ƙiris. Malami ya ce ya dawo baɗi. Ya riƙe ƙofa yana kuka, sai da aka ɓamɓare yatsunsa. Mun yi ta jiransa baɗin. Bai dawo ba."

Kaka ya sauke allin. Ya yi ɗan murmushi, irin wanda ya fi kuka ciwo.

"Haka aka yi, Hajiya. Kafin baɗin mahaifina ya kwanta ciwo. Aka kai ni koyon ɗinki don a samu na abinci. Hannun ya kai kunne daga baya, amma lokacin ya riga ya wuce." Ya juya wajen Shugaba. "Ranki ya daɗe, ban iya rubutu ba. Na ɗauka don ɗinkin da nake yi wa yara kuka kira ni. Ku yi haƙuri."

Shugaba ta dubi Rediyo. Malam ya dube shi. Duk filin ya dube shi. Dama kallo yake so, ga shi ya samu har ya yi yawa.

"Ni ne," in ji shi. Muryar da ke cika aji yau da ƙyar take fita. "Ni na ƙirƙira. Kaka bai san komai ba. Bencin ma ƙarya ne. Da zuwa na ɗaya. Da macijin."

"Wane maciji kuma?" tsohuwa ta tambaya.

Kaka ya durƙusa daidai tsawon jikansa. Ya yi magana a hankali, ba don jama'a ba.

"Abokina, kunyata kake ji? Telan ne bai ishe ka ba, sai da ka ɗinka wa kanka sabon kaka?"

Wannan tambayar ta karya Rediyo. Hawaye suka ɓalle.

"A'a, Kaka! Wallahi ba haka ba ne. Tafi kawai nake so. Ban yi tunaninka ba. Ka yafe mini."

"Na yafe. Amma ba ni kaɗai ka ɓata wa ba."

Shugaba ta karɓi abin magana ta miƙa wa Rediyo. Ya ba jama'a haƙuri. Ya ba Malam haƙuri. Sannan ya sauka ya je gaban Shiru.

"Wurinki ne na ƙwace. Kin fara faɗa na hana ki. Ki yi haƙuri."

"Ba komai," in ji Shiru. "Amma ka dawo mini da fensirina."

Shugaba ta ce bayan biki Rediyo ne zai tattara kujeru tare da masu rumfa, kuma zai share filin tas. Bai yi musu ba.

Shiru ta riƙo hannun kakarta suka hau dandamali, Rediyo yana biye da su. Kaka ya miƙa wa tsohuwa allin, ya juya zai sauka.

"Tsaya, Baba," in ji Shugaba. "Wa ya taɓa sa kayan makarantar da bawan Allahn nan ya ɗinka? Ya miƙe."

Kujeru suka fara motsi. Malam ya ɗaga hannu. Mama ta miƙe. Babban likitan nan ya miƙe. Mai gyaran famfo ya miƙe. Yara kuwa kusan rabin fili. Kaka ya bi su da kallo.

"Kuma akwai maganar baɗi da ba a gama ba," in ji tsohuwa. "Ɗan guntu, ɗora hannu mu gani."

Kaka ya yi dariya, ya cire hula ya ba Rediyo. Ya ɗora hannu ta saman kai. Ya kama kunnen caraf, har ya ɗan ja shi.

"Ya taɓo!" tsohuwa ta yi ihu. "Shugaba, a ɗauke shi!"

"An ɗauke shi," in ji Shugaba. "Muna da ajin manya da yamma. Akwai kujera tana jiranka, Baba."

Tafin da aka yi a nan, har tsuntsaye sai da suka tashi daga kan rufi. Tsohuwa ta juya ga allon, ta yi rubutu a hankali da manyan haruffa.

"Me ta rubuta, abokina?" Kaka ya tambaya.

"Ta rubuta, 'Sannu da zuwa.'"

Da aka watse, Rediyo yana ta jan kujeru. Kaka da Mama suka tsaya jiransa a inuwa. Da ya gama ya zo, Kaka ya dafa kansa.

"Ka ga abin da ƙarya take yi? Kai ka faɗe ta, amma ni ta tsayar a gaban jama'a. Ƙarya ba ta tsayawa a kan mai ita, sai ta taɓa wanda yake ƙauna. Ka faɗi gaskiya ko da ba za a yi mata tafi ba. Kuma abin da Allah ya ba ka, ka riƙe shi yadda yake, ba sai ka yi masa faci ba."

"Na gane, Kaka. Daga yau ba zan ƙara yin ƙarya ba. Har abada."

"Allah ya sa," in ji Mama. Ta leƙa fuskarsa. "Idonka ya yi ja. Kukan ne har yanzu?"

Rediyo ya gyara tsayuwa. "Ni? Kuka? A'a, garin alli ne ya faɗa mini a ido."

Kaka ya kama gaban sabuwar rigar, ya matsa ta da yatsu biyu. A jiƙe take sharkaf.

"Abokina," in ji shi, "har abadan naka ko bakin ƙofa bai kai ba."

Rediyo ya dubi rigar. Ya dubi Kaka. Dariya ta ƙwace masa.

"To, kuka na yi."